Amsar Tambaya: Zan Iya Shiga Jirgi da Karena Zuwa Ingila?

Tambaya: Na samu aiki a Ingila, kuma ba na son barin karena a Jos. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara shiri da wuri, don abin yana cin lokaci. Likitan dabbobi zai fara dasa masa 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, sannan ya yi masa allurar rigakafin haukan kare. In aka juya tsarin nan, aikin ya tashi a banza. Bayan kwana 30 da yin allurar a ɗebi jininsa a gwada a ɗakin gwajin da hukumomin Ingila suka amince da shi, sai ki jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin.

A cikin jirgi, ba zai zauna kusa da ke ba. Ingila ta tanadi ya shiga ta sashen kaya. Ki samo keji mai iska wanda zai iya miƙewa ya juya a ciki, ki shimfiɗa masa tsohon zanenki, ya saba kwana a ciki tun a gida. Don Allah kada ki ba shi maganin barci, yana iya dagula masa numfashi a sama. Ki tuntuɓi kamfanin jirgin kafin ki sayi tikiti.