Darasi: Tsara Manhajar Girki Ga Mai Cin Abincin Waje

Idan kana son manhajarka ta rage wa matashin Gwangwan zaryar teburin mai shayi, kada ka fara da ƙirgen kalori. Wa ke auna ɗanwake a sikeli? Shafin farko ya yi tambaya ɗaya: me kake da shi a gida? Ya danna zogale, ƙuli-ƙuli da tumatir, sai ta nuna masa yadda ake kwaɗo, awo kuma da gwangwani da cokali.

Ajiye girke-girken cikin wayar da SQLite, don data kan ƙare ana tsaka da girki. Saka gargaɗin gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, har da na cikin magi. Fara gwajin a ƙaramar Itel.