Yadda Ƙwayoyin Jiki Su Ke Aika Wa Juna Saƙo, Da Abin Da Kwalara Ta Koya Mana

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na faɗa wata makarantar ƙauye, aka ba ni darasin kiwon lafiya a aji biyar. Na rubuta a allo cewa idan yaro yana zawo a dama masa gishiri da sukari cikin ruwa a ba shi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ruwa ne ya ke fita daga cikinsa, ƙara masa ruwa ba zai ƙara zawon ba? Kakata ta ce a hana shi sha."

Na ce mata haka likitoci suka ce, na wuce. Amma na sani ban amsa mata ba. Na kuma sani in ta koma gida maganar kaka za ta fi tawa nauyi, gama kaka ta kawo dalili, ni kuwa ban kawo ba. Saboda haka na koma na yi karatu, sai na tarar amsar tana cikin wani fannin ilmi mai bayyana yadda ƙwayoyin jiki su ke magana da juna. Ga abin da na samo.

Jiki kamar gari ya ke

An gina jikin mutum da waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Za mu kira su ƙwayoyin jiki, domin mu bambanta su da ƙwayoyin cuta. A jikin baligi akwai wajen tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau talatin. Kowace ɗaya tana lulluɓe da wani siririn tantani na kitse, kamar yadda katanga ta ke kewaye da gida.

To, gari mai gidaje da yawa haka ba ya zaunuwa sai da aike. Ku ɗauki misali. Kana tafiya a hanyar gona sai ka ga kububuwa a gabanka. Nan da nan zuciyarka ta shiga bugawa da sauri, hanta kuma ta saki sukari cikin jini domin ƙafafu su sami ƙarfin gudu. Hanta ba ta da ido. Wa ya gaya mata?

A shekarar 1902 waɗansu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna cewa hanji yana aika wa wata gaɓa saƙo ko da an yanke jijiyoyin da ke tsakani, gama saƙon wani sinadari ne da jini ya ke ɗauka. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon. Mu kira su manzanni. Manzon da ya ke tashi in ka ga maciji sunansa adirenalin, yana fitowa daga waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda.

Manzo ba ya wuce zaure

Kun san al'ada. Baƙo namiji ba ya kutsa kai cikin gidan mutane. Ya kan tsaya a zaure ya yi sallama, a aiki yaro ya kai maganarsa ciki. Akwai manzannin da su ke ratsa tantani su shiga ƙwayar jiki, amma adirenalin da ire-irensa masu yawa a zaure su ke tsayawa. Wani masani a Amurka, Earl Sutherland, shi ne ya gano a wajen 1957 cewa akwai manzo na biyu a cikin gida, ya gano shi kuwa yana binciken hanta. An ba shi kyautar Nobel a 1971. Daga baya Alfred Gilman da Martin Rodbell suka gano yaron da ke tsakanin zaure da cikin gida, su ma aka ba su kyautar a 1994. Ga yadda saƙon ya ke tafiya, daki-daki.

Na fari, manzo ya iso ta cikin jini ya tsaya a waje.

Na biyu, akwai mai tsaron zaure, wani furotin da ke kafe cikin tantani, rabinsa waje rabinsa ciki. Ba ya amsa sallamar kowa sai ta manzonsa, kamar yadda kwaɗo ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa. Da manzo ya taɓa shi sai ya sāke siffa.

Na uku, sāke siffar nan ta ta da yaron gida, wanda masana su ke kira furotin G. Da yana zaune, yanzu ya miƙe.

Na huɗu, yaron ya je ya zunguri makaɗi, watau wani furotin da aikinsa shi ne ƙera manzo na biyu. Masana suna rubuta sunan manzo na biyun da haruffa huɗu, cAMP. Shi ne kamar amon ganga da ke game gida duka.

Na biyar, ma'aikatan cikin gida su ji, kowa ya kama aikinsa.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, saƙo yana ƙaruwa a hanya. Mai tsaron zaure ɗaya ya kan ta da yara da dama, kowane makaɗi kuma ya ƙera cAMP mai ɗimbin yawa, shi ya sa ɗan adirenalin kaɗan ya ke girgiza mutum duka. Na biyu, saƙo ɗaya ne, amma amsa dabam dabam. In an buga ƙararrawar kwalejin nan da tsakar rana, mu mu kan rufe littattafai, masu dafa abinci kuwa su fara rabo. Haka zuciya ta kan ƙara sauri, hanta ta saki sukari. Na uku, kuma shi ne babba, dole saƙo ya mutu. Furotin G yana da abin da ya ke komar da shi zaune da kansa bayan ɗan lokaci kaɗan, akwai kuma mai share cAMP. Gidan da ba a daina kiɗa a cikinsa ba, ba gidan zama ba ne.

Abin da kwalara ta ke yi

Yanzu sai mu dubi abin da ya ke faruwa in yaron gida ya kasa zama. Kwalara, wadda mu ke kira amai da gudawa, tana shiga mutum ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Annobar da ta taso daga Indonesiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya a 1971, tun daga nan kuma ta kan dawo, musamman da damina.

Abin mamaki shi ne, ƙwayar cutar nan ba ta shiga jini, ba ta kuma cin naman hanji. Zama kawai ta ke yi a cikin hanji. A 1959 wani likita a Kalkata ta ƙasar Indiya, Sambhu Nath De, ya tace ruwan da ƙwayoyin cutar suka yi girma a ciki har ba sauran ƙwaya ko ɗaya, ya zuba shi cikin hanjin zomo, sai hanjin ya cika da ruwa. Ashe dafi su ke fitarwa, dafin ne ya ke aikin.

A cikin shekarun 1970 aka gane yadda dafin ya ke yi. Ya kan manne a jikin ƙwayar hanji, wani ɓangarensa ya sulale ciki, ya je ya liƙa wa furotin G wani ɗan abu wanda zai hana shi komawa zaune. Ba manzon da ya zo, ba wanda ya yi sallama, amma yaro yana tsaye yana ta zungurar makaɗi. Sai cAMP ya cika gida. A ƙwayar hanji kuwa, ma'anar wannan kiɗa ita ce a buɗe ƙofar da gishiri ya ke fita zuwa cikin hanji. Ruwa kuma, kun sani, bin gishiri ya ke yi. Sai ruwa ya riƙa barin jini yana kwarara cikin hanji, yana fita fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. In cutar ta yi tsanani baligi ya kan zubar da har lita ɗaya cikin awa guda. Idanu su faɗa, fata ta yanƙwane, jini ya yi kauri. Idan ba a yi magani ba, wajen rabin masu tsananin cutar suna iya mutuwa, waɗansu cikin awoyi kaɗan.

Ga rabin amsar yarinyar nan ke nan. Ruwan da ke fita ba wanda yaron ya sha ba ne, daga jininsa a ke ɗebo shi. Hana shi sha ba zai tsai da zawon ba, gama umarnin daga cikin ƙwayoyin hanji ya ke fitowa. Sai dai ya gaggauta bushewarsa.

Ƙofa ta biyu

Sauran rabin amsar ya fi daɗin ji. A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana da wata ƙofa wadda gishiri da sukari su ke shiga tare. Ba ta barin ɗaya ya wuce sai da ɗan'uwansa. Wannan ƙofa ba ta bin umarnin kiɗan nan, saboda haka dafin kwalara bai rufe ta ba. In an ba marar lafiya ruwa zalla, kaɗan ne zai shiga jikinsa. In kuwa an haɗa da gishiri da sukari daidai gwargwado, sai su shiga ta ƙofar nan, ruwa ya bi su zuwa jini.

An gwada wannan a asibiti a birnin Daka a 1968, ya yi aiki. Sa'an nan a 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a Bangaon, bakin iyakar Indiya, ruwan ƙari na jijiya kuma ya kasa. Sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin manyan ganguna, dangi suna shayar da nasu. Da wajen mutum 30 cikin 100 su ke mutuwa, sai adadin ya sauko ƙasa da 4 cikin 100. A yau, in an yi magani da wuri yadda ya kamata, waɗanda su ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ku lura, ruwan gishiri da sukari ba ya tsai da zawo nan take. Aikinsa shi ne mayar da abin da ya zube. Hanji ya kan zubar da tsofaffin ƙwayoyinsa ya yi sababbi cikin 'yan kwanaki, waɗanda dafi ya lalata su tafi. Abin da a ke bukata shi ne a riƙe ran marar lafiya har zuwa lokacin.

Ba kwalara kaɗai ba

Cututtuka da yawa saƙo ne ya ɓaci. A irin ciwon sukarin da ya fi kama manya, manzo insulin yana sallama amma gida ba ya amsawa sosai, sai sukari ya taru cikin jini. A ciwon daji iri-iri, wani furotin mai suna Ras, ɗan'uwan furotin G, ya kan maƙale a tsaye yana ta cewa a hayayyafa. A 2001 aka fara amfani da wani magani, imatinib, wanda ya ke toshe irin wannan saƙo marar mutuwa a wani nau'in ciwon daji na jini. Maganin da masu asma su ke shaƙa kuwa manzon aro ne, yana sallama a zauren adirenalin domin hanyar iska ta buɗe. Masu tsaron zaure masu aiki da furotin G sun kai wajen iri 800 a jikin mutum, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti ta wurinsu su ke aiki.

Abin da ya rage gare mu malamai

Yawancinmu ƙauye za a tura mu, inda malami ya fi likita kusa. Sai mu riƙe waɗannan da kyau. Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS na asibiti, a dama shi cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe ba tozo. Kada a ƙara don neman sauri, gama gishiri mai yawa haɗari ne ga yaro, sukari mai yawa kuma yana ƙara zawo. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Mai shan nono kada a cire shi. In zawon ya yi fari kamar ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, ko ya galabaita, a kai shi asibiti ba jinkiri, ana shayar da shi a hanya. Rigakafi kuma ya fi magani: ruwa mai tsabta, masai, da wanke hannu da sabulu.

A cikin aji za ku iya mai da darasin wasa. Ku zana da'ira a ƙasa ta zama gida. Ku sa yaro ɗaya manzo, ɗaya mai tsaron zaure, ɗaya yaron gida, ɗaya makaɗi da gwangwani, saura su riƙa fid da duwatsu waje in sun ji kiɗa. Sa'an nan wani ya zama dafi, ya hana yaron gida zama. Da kansu za su ga gida ya ƙare.

Ban sami komawa makarantar nan ba kafin gwajinmu ya ƙare, amma na rubuta wa malamin ajin wasiƙa, na roƙe shi ya karanta wa yarinyar amsarta, ita kuma ta kai wa kakarta. Idan yaro ya tambaye ku dalili, 'yan'uwa, kada ku ce haka aka ce ku wuce.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai biyar da saƙo ya ke bi daga zaure zuwa cikin ƙwayar jiki.
2. Don me ya zama dole saƙo ya mutu bayan an isar da shi?
3. Daga ina ruwan da mai kwalara ya ke zubarwa ya ke fitowa?
4. Me ya sa a ke haɗa sukari da gishiri, ba a ba da ruwa zalla ba?
5. In kai ne a gaban kakar nan, yaya za ka yi mata bayani cikin ladabi?