Darasi na 14: 'Yan Badujalar Cavaliers na Birnin Shikago

Ɗalibai, da yawa daga cikinku kun taɓa yin fareti ranar 27 ga Mayu ko ranar 1 ga Oktoba, kuna taka ƙasa daidai da bugun ganga. Masu kiɗa da busa da ke gaban sahu, su ne Hausawa ke kira 'yan badujala. Asalin wannan kiɗa na soja ne. Kafin a sami rediyo da tarho, da ganga da begila ake ba sojoji umarni. Akwai busar tashi daga barci, akwai ta cin abinci, akwai ta kai hari, akwai kuma ta ja da baya. Begila wani irin ƙaho ne na tagulla wanda ba shi da madanni ko ɗaya. Da leɓe da numfashi kawai mai busa yake sauya murya, shi ya sa muryoyin da take fitarwa ba su da yawa.

A darasinmu na yau za mu tafi Amurka, inda wannan kiɗa ya bar bariki ya zama wasan matasa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sojoji suka koma gida, suka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya mai suna American Legion a 1919. Akwai kuma wata takwararta da ake kira VFW a taƙaice. Rassan waɗannan ƙungiyoyi suka riƙa haɗa 'yan badujala domin fareti, daga baya suka haɗa na 'ya'yansu. Majami'u da 'yan sikawut su ma suka bi sahu. Kayan kiɗan ba su da tsada sosai, kuma yaron da bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba yana iya koyon begila da kunne. Saboda haka unguwanni da ƙananan garuruwa masu yawa suka sami ƙungiyarsu ta kansu.

A cikin waɗannan unguwanni akwai Logan Square ta birnin Shikago, a jihar Illinois. Wani matashi mai suna Don Warren shi ne shugaban 'yan sikawut na runduna ta 111 a can. Ya ga wasan 'yan sikawut na garin Racine, waɗanda suka daɗe da shahara a kiɗan ganga da begila, abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. A 1948 ya tara yaransa suka fara koyo. Ku lura da cewa waɗannan ba makaɗa ba ne. Yaran unguwa ne kawai, wasunsu ma ranar suka fara taɓa sandar kiɗa.

Kayan sarki da ganguna kuwa sai da kuɗi. A 1949 wani reshe na American Legion, mai lamba 712, wanda aka raɗa wa sunan gwarzon ƙasar Poland Kosciuszko, ya ɗauki nauyinsu, suka amsa sunan reshen. A 1950 suka fara shiga gasa a fili, suka zaɓi kore ya zama launinsu, suka kuma ɗauki sunan da aka san su da shi har yau, wato Cavaliers. Ma'anar kalmar ita ce barade, mayaƙan kan doki. Wani abin dariya shi ne, a jikin kwalin wata taba sigari da ta fito a lokacin suka ga sunan da hoton barden. Da a yau ne, babu malamin da zai yarda yara su ari suna daga kwalin taba.

Yaya gasar wancan zamani take? Tun kafin a buga ganga, alƙalai za su bi sahu suna duba kowane yaro kamar a bariki: takalmi, maɓalli, aski, tsabtar begila. Da an fara wasa kuma, sai su bi 'yan wasan da takarda a hannu. Duk wanda ya yi kuskuren taku ko ya saki murya ba daidai ba, a rage maki. Wanda ya fi ƙarancin kuskure shi ne gwani. Cavaliers suka ƙware a wannan tsari. A 1957 suka ci gasar ƙasa ta VFW karo na farko, suka kuma maimaita sau da dama a shekarun da suka biyo baya. A 1967 gobara ta cinye zauren da suke taruwa, kofunan da suka tara suka ƙone. Duk da haka ba su watse ba, a shekarar ma sai da suka sake cin gasar ƙasa.

Amma akwai abin da ke ci wa shugabannin matasan tuwo a ƙwarya. 'Yan mazan jiya ne ke tsara dokokin gasa, su ke zaɓen alƙalai, su ke ƙayyade irin kiɗa da takun da za a yi. Jama'a na cika filin wasa suna biyan kuɗin shiga, amma abin da ke isa hannun ƙungiyoyin bai taka kara ya karya ba, alhali su ke biyan kuɗin mota da abinci da masauki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji Hausawa. A 1971 Don Warren da Jim Jones, shugaban ƙungiyar Troopers ta jihar Wyoming, suka haɗa ƙungiyoyi 5 suka ce ba za su yi wasa ba sai a kan sharaɗinsu. Wasu ƙungiyoyin gabashin ƙasar suka yi irin wannan haɗin kai. Daga nan ƙungiyoyi 13 suka kafa hukumarsu ta kansu, Drum Corps International, wadda ake taƙaitawa DCI. An yi gasarta ta farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, ƙungiyar Anaheim Kingsmen ta zo ta ɗaya.

Za ku yi tsammanin waɗanda suka jagoranci wannan yunƙuri su ne za su fara cin moriyarsa. Ba haka aka yi ba. Sai da Cavaliers suka shekara 20 kafin su ɗauki kofin hukumar da suka taimaka aka kafa. A tsakanin nan sun sha fama da rashin kuɗi. Abin da ya tsamo su shi ne tallafin ƙaramin garin Rosemont, kusa da babban filin jirgin saman Shikago, wanda magajin garinsa Donald Stephens ya karɓe su a 1982. Wani gwanin tsara taku mai suna Steve Brubaker ya sauya musu salo. Maimakon dogon sahu irin na soja, sai 'yan wasa su riƙa zana siffofi a fili, da'ira ta koma murabba'i, murabba'i ya warware ya zama layi mai lanƙwasa kamar maciji, duk suna cikin busa. Sun ci gasar DCI a 1992, da 1995, da 2000 inda suka yi kunnen doki da ƙungiyar Cadets, sannan 2001, 2002, 2004 da 2006. A 2002 sun sami maki 99.15 cikin 100.

Wasan kansa ya sauya kama. An daina duba takalmi da ƙirga kurakurai, alƙalai suka koma auna wahalar abin da aka yi da kyawunsa. An ƙara wa begila madanni ɗaya, sannan biyu, sannan uku, har a shekarar 2000 aka yarda a yi amfani da kayan busa na tagulla irin na sauran makaɗa. Sunan begila ne kawai ya rage. Babbar ƙungiya a yau tana da 'yan wasa sama da 150: masu busa, masu ganga, da masu wasa da tuta. Sukan shafe watannin zafi suna yawo jiha jiha, tafiya da dare a cikin bas, barci a daɓen ɗakin wasanni na makarantu, atisaye da rana, duk domin wasan kimanin minti 12. Ana kammala gasar a watan Agusta, kuma tun 2009 a birnin Indianapolis ake yin zagayen ƙarshe. Wanda ya haura shekara 22 ba ya shiga.

Ga abin da ya kamata ku yi nazari a kai. Kiɗan ya fi na da daɗi nesa ba kusa ba, amma tafiye-tafiye da kayan aiki sun yi tsada, har yawancin ƙananan ƙungiyoyin unguwa suka mutu. Mai son shiga Cavaliers yanzu sai ya ci jarrabawar gwaji, ya yi takara da ɗaliban kiɗa na jami'o'i daga jihohi daban-daban har da ƙasashen waje, sannan ya biya dubban daloli. Yaron Logan Square irin na 1948, wanda bai iya komai ba sai sha'awa, da wuya ya sami gurbi. Abu ɗaya da bai sauya ba shi ne, har yanzu maza zalla ƙungiyar ke ɗauka, alhali takwararta Madison Scouts ta buɗe wa mata ƙofa tun 2019.

Ma'anar kalmomi

'Yan mazan jiya: tsofaffin sojoji da suka bar aiki.
Kayan sarki: tufafi iri ɗaya da soja ko ɗan sanda ke sawa.
Kunnen doki: a tashi wasa da maki daidai.
Atisaye: maimaita abu domin a ƙware.
Bai taka kara ya karya ba: kaɗan ne ƙwarai.
Ci wa mutum tuwo a ƙwarya: damun mutum.

Tambayoyi

1. Wane aiki ganga da begila suke yi wa sojoji a da?
2. Me ya sa yaran Don Warren suka amsa sunan reshe na 712?
3. Bayyana dalilai biyu da suka sa aka kafa DCI.
4. A cikin wannan labari, wane ne kura, wane ne gardi?
5. Ku kasu gida biyu a aji ku yi muhawara da Hausa a kan wannan batu: kafa DCI ya amfani matasan Amurka ko ya cuce su?