Darasi na Bakwai: Wutar Lantarki a Motar Gida da Bukkar Manomin Rani

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa tamkar ɗaki, da gado da madafi da fitilu, ta yadda mai ita zai yi tafiya da gidansa. Irin wannan mota ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba, amma tsarin wutarta ɗaya ne da wanda ake gani a wasu bukkokin manoman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Manomin da ke kwana a gona yakan kafa farantin sola da batir domin fitila da cajin wayar hannu.

A motar da bukkar duka, wuta iri biyu ce. Ta farko ita ce ta batir, mai ƙarfin bolt 12. Ta biyu kuwa irin ta gida ce, wadda a Nijeriya take bolt 230, ana kuma samun ta daga janareta ko daga na'urar inbata, mai juya wutar batir ta koma ta gida. Wannan ta biyun tana kisa, musamman a gefen magudanar ruwa, inda ƙafa take jiƙe kuma ƙasa take da danshi.

Sai dai wadda aka fi rainawa ita ce ta batir, don ba ta fizgar mai taɓa ta. Haɗarinta gobara ne. Na'urar da ke cin wat 600 ba ta kai amfiya 3 ba a kan bolt 230, amma idan batir ne ke ciyar da ita ta inbata, sai ta ja amfiya 50 ko fiye. Siririyar waya ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Za ta yi zafi, robarta ta narke, bukkar kara kuwa ba ta jira. Saboda haka ake sa waya mai kauri, a kuma ɗaura fis dab da kan batir. Mai ɗaure fis da zaren waya bayan ya ƙone, wai don tsimi, ya cire mai gadin ne da hannunsa.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ƙyastu ɗaya kuma ya isa ya fasa shi, shi ya sa ake ajiye shi inda iska ke ratsawa. Janareta kuwa waje ake kunna shi, nesa da makwanci, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari, mai kashe mai barci.

Tambayoyi
1. Me ya sa wayar batir take bukatar kauri?
2. Bayyana ma'anar "bukkar kara kuwa ba ta jira".