Amsar Tambaya: Ɗura Harsashi a Gida Don Gasar Harbi

Tambaya: Wani matashi daga Sabon Gari, Keffi, yana sha'awar gasar harbi da ƙaramar bindiga. Shin zai iya ɗura harsashinsa da kansa, kamar yadda 'yan gasar Amurka ke yi?

Amsa: A Amurka, mai gasa kan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya goge shi tas, ya auna albarushi a kan sikeli, domin kowane harsashi ya fita da gudu ɗaya. Idan awo ya zarce, bindigar na iya tarwatsewa a hannunsa.

A Najeriya kuwa, hanyar a toshe take. Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida, lasisin ƙaramar bindiga ma sai da yardar Shugaban Ƙasa. Ƙera harsashi aikin masana'antar DICON ta Kaduna ne, wadda aka kafa a 1964.

Amma sha'awarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. A wasannin Olamfik akwai harbin mita 10 da bindigar iska, mai 'yar ƙwayar dalma ta milimita 4.5, babu albarushi ko kaɗan. Ita ma tana buƙatar lasisin 'yan sanda, don haka ya fara neman bayani a hedikwatarsu da ke Lafiya.