Mai Jifa da Mai Gani

Karatun yau: Mai-Wa'azi 4:9-12

Darasinmu na yau zai kai mu tsaunukan Roki na Amurka, wajen jihohin Kolorado, Wayomin da Montana. A can akwai wata dabbar ruwa da ake kira biba, mai kaifin haƙora da faffaɗar wutsiya, babbarta takan kai kilo 20. Takan gaigayi itatuwa har su faɗi, ta haɗa rassa da laka da duwatsu ta datse ƙaramin rafi. Sai ruwa ya taru ya zama tafki mai sanyi, kwance, garau. Kifin da ake kira tirawut yana son irin wannan wuri, shi ya sa masu fatsa sukan hau dutse da ƙafa su neme shi.

Fatsarsu ta bambanta da wadda muka saba gani. Ba sa soka tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu da na dabba suke ɗaurewa da zare a kan 'yar ƙaramar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Da yake ba ta da nauyi, igiya mai ɗan kauri ce ke ɗaukarta. Mutum ya yi ta kaɗa doguwar sanda gaba da baya har igiyar ta miƙe, ƙwaron ya sauka a kan ruwa a hankali kamar mai rai.

Abin da mutum ɗaya ba ya gani

A rafi mai gudu, motsin ruwa yana ɓoye mai kamun kifi. A tafkin biba kuwa babu wannan rufin asiri. Inuwar mutum ko ta igiya tana faɗawa kan ruwa, kifi ya watse. Takun ƙafa mai ƙarfi a bakin tafki ma yana isa gare shi ta cikin ƙasa mai laushi. Dole mai jifa ya durƙusa, ya matsa a hankali. Amma idan ya yi ƙasa haka, hasken rana a fuskar ruwa yakan hana shi ganin abin da ke ciki.

A nan aboki yake da amfani. Ɗaya ya ajiye sandarsa, ya hau wuri mai ɗan tudu, ya ɓuya a bayan ciyayi yana leƙen ruwa. Shi ne zai ce, “Ga shi can kusa da kututture, ka jefa ta hagunsa,” ko ya ce, “Dakata, ya juyo.” Shi ne kuma zai gargaɗi mai jifa cewa igiyarsa za ta sarƙe a rassan da ke bayansa. In an kama ɗaya, sai su yi musaya. Ku lura, wanda ya hau tudu ya haƙura da nasa rabon na ɗan lokaci domin ɗan'uwansa ya samu.

Ƙasa mai yaudara

Kewayen tafkin kore ne shar, amma ba ko'ina ke ɗaukar mutum ba. Biba takan haƙa hanyoyin ruwa masu zurfi da ramuka, ciyawa ta rufe su. Ƙasan tafkin kuma taɓo ne da ya yi shekaru yana taruwa. Mutum zai ga kamar ruwan iyakar gwiwa ne, yana taka ƙafa ya nutse har ƙugu, ga sanyi, ga nisa da gari. Yawan kokawa ƙara nutsar da shi yake yi. Abin da yake bukata hannu ne daga wanda ke tsaye a busasshiyar ƙasa. Da rani kuma hadari yakan taso da yamma a tsaunukan nan tare da tsawa, mai jifa kuwa idonsa na kan ruwa. Abokinsa ne zai ɗaga kai ya ce lokacin sauka ya yi.

Darasi gare mu

Karatunmu na yau ya nuna cewa mutum biyu sun fi ɗaya, gama in ɗaya ya faɗi akwai mai tashe shi, ya kuma ji tausayin wanda ya faɗi ba kowa kusa. Ubangiji Yesu ma da ya aiki almajiransa, biyu biyu ya aike su, kamar yadda Markus 6:7 ya nuna.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ana iya zuwa sujada kowace Lahadi a cikin taro mai yawa, amma a zama mutum yana tafiya shi kaɗai. Bashi yana cin wani, auren wata yana rawa, wani ya koma shan abin da ya tuba daga gare shi, ba wanda ya sani sai taɓo ya kai wuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kana bukatar mai bi guda wanda ka ba izini ya ce maka “dakata”, ka kuwa dakata ba tare da fushi ba. Wani kuma yana bukatar ka ajiye taka sandar ka duba masa hanya.

Tambayoyi don tunani

1. Wa ya san ainihin halin da kake ciki a wannan wata?
2. Yaushe aka yi maka gargaɗi na ƙarshe, yaya ka karɓe shi?
3. Wa ya daina zuwa zumunta, wanda ya kamata ka nema kafin Lahadi?

Addu'a

Ya Uba, ka ba ni aboki mai tsoronka wanda zai faɗa mini gaskiya. Ka cire girman kai da ke sa ni ɓoye damuwata. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in ga wanda ke nutsewa kusa da ni, ka ƙarfafa hannuna in jawo shi. Cikin sunan Yesu. Amin.