Darasi: Yadda Mai Riƙe Mana Lissafi Zai San Sabuwar Dokar Haraji Ba da Tsada Ba

A darasin wannan wata za mu yi magana a kan mutumin da yake duba littattafan ƙungiyarmu. Yawancin ƙungiyoyinmu na gama kai ba su da ƙarfin ɗaukar babban akanta. Sai mu kai littafin shiga da fita wurin wani ƙaramin ofishi, irin waɗanda ake samu a unguwanni kamar Gidan Dare a cikin Sakkwato: ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, akanta da yaronsa. Muna dogara gare shi ƙwarai. To, amma in saninsa na haraji ya tsufa, mu ne za mu biya.

1. Doka ba ta zama wuri ɗaya

Dattawanmu sun tuna zamanin haraji da jangali. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke su a jihohinsu. A 1994 aka fara karɓar harajin kayan saye, wato VAT, kashi 5 cikin ɗari. A 2020 ya koma kashi 7.5. Ran 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka sa 1 ga Janairu, 2026 ta zama ranar fara aiki da sabon tsarin. Hukumar tara haraji ta tarayya ma an sake mata suna, daga FIRS zuwa NRS. Wanda ya koyi aikin shekara goma da suka wuce, bai ƙara kome a kai ba, yana shuka tsohon iri ne.

2. Bari mu yi lissafi

A ce ƙungiyarmu tana da mai kula da sito, albashinsa naira 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara. A tsohon tsari, bayan an cire rangwame, harajinsa yakan kai naira 78,000 a shekara. A sabon tsari, naira 800,000 na farko ba haraji a kansu. Sauran 400,000 ana cire kashi 15 cikin ɗari, wato 60,000. Bambancin naira 18,000 ne. In akanta bai san an sake doka ba, zai ci gaba da yanke wa ɗan'uwanmu kuɗin da ya kamata ya kai gida. Har ma in yana biyan haya, sabuwar doka ta ba shi rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, kafin a lissafa harajin.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wanda bai kai takardun bayanin harajinsa a kan lokaci ba, tararsa naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ku auna wannan da buhunan albasa ko na shinkafa.

3. Ina wahalar take?

Ƙungiyoyin masu wannan sana'a, su ICAN da ANAN da CITN, suna shirya wa 'ya'yansu kwas kowace shekara. Abu ne mai kyau. Amma akwai kuɗin rajista, in kuma a Abuja ko Legas za a yi, ga kuɗin mota daga Sakkwato, ga masauki, ga kwanakin da ofishi zai zauna a rufe. Ƙaramin akanta ba zai iya zuwa duka ba. In ya je duka, a kanmu zai ɗora kuɗin.

4. Hanyoyi biyar masu sauƙi

Na ɗaya, a yi gayya. Kamar yadda muke haɗuwa mu nome gonar ɗayanmu, haka ƙananan ofisoshi huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya kwas. In ya dawo, ya zauna da sauran ya koya musu, ya raba musu takardun. Badi wani ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a karanta dokar kanta. Ana samunta kyauta a intanet. A buga ta sau ɗaya, a ɗinke, a ajiye a ofis. Ba sai an karance ta duka ba. A fara da sassan da suka shafe mu: albashi, VAT, da ƙungiyoyin gama kai.

Na uku, a je a yi tambaya. Harajin albashi na jiha ne, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato ce take karɓa. VAT da harajin kamfani na tarayya ne. Tambaya ba ta da kuɗi. In an ba da amsa, a rubuta ranar, a nemi a nuna sashen dokar.

Na huɗu, a buɗe littafin canje-canje. Kowane shafi a raba shi uku: yadda abin yake dā, yadda ya koma, da ranar da ya fara aiki. Littafin makaranta mai arha ya isa.

Na biyar, a yi hattara da ji-ta-ji-ta. Saƙon WhatsApp ba doka ba ne. Abin da aka ji a rediyo ma, a bi shi har a ga takarda.

5. Namu aikin

Kada mu bar wa akanta kome da kome. Doka ta ɗauke wa ƙungiyar gama kai mai rajista harajin riba a kan hada-hadar da take yi da 'ya'yanta. Amma in muka shiga ciniki da mutanen waje, wannan wata magana ce dabam. Saboda haka ma'aji ya raba su a littafi, ya ajiye kowane rasit. A taron shekara kuma mu ware ɗan abin da za mu taimaka wa gayyar kwas. Ya fi mana araha da biyan tara.

Tambayoyi don tattaunawa

(a) Wa yake duba littattafan ƙungiyarmu? Yaushe rabonsa da zuwa kwas?
(b) Takardar rajistarmu tana hannun wa?
(c) Muna yanke wa ma'aikatanmu haraji bisa tsohon lissafi ne ko sabo?
(d) Waɗanne ƙungiyoyi ne kusa da mu za mu iya yin gayya da su?

Magatakarda ya rubuta amsoshin, a karanta su a taro mai zuwa.